Tambayar tela da tambayar na'ura

Shekara 14 ke nan ina kan keken ɗinki a wani ɗan shago da ke gefen Bauchi Road a nan Jos. Kafin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bari in riƙe almakashi, sai da ya koya min tambaya. In mutum ya ajiye yadi a tebur, sai ka ji wa zai sa. Na biki ne ko na zuwa kasuwa? Yaro ne mai tasowa, a bar masa rara a ƙafar wando? A nan gari zai sa, inda sanyin Disamba kan sa mutum ya cusa suwaita a ƙarƙashin kaftani, ko Kano za a kai?

Ana saura mako biyu ƙaramar Sallah aiki ya yi min yawa, sai ƙanena ya sa min ChatGPT, manhajar da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa, a waya, wai za ta rage min lissafi. Na rubuta mata da Hausa: yadi nawa zai ishi kaftani da wando na yaro? Nan take ta zubo amsa. Ba ta tambayi shekarun yaron ba, ba ta tambayi faɗin yadin ba. Sai can ƙasa ta ce ko ina so ta tsara min jadawalin awo. Wannan irin tambayar mai shago ce da ke cewa "ba ƙari?" bayan ya ƙulle maka leda.

Washegari na ce mata kada ta ba ni amsa sai ta yi min tambayoyi tukuna. A nan ta ba ni mamaki. Ta tambayi tsawon yaron, faɗin ƙirjinsa, shadda ce ko yadi, har da ko yadin kan tsuke in an wanke. Yaron shagona da ya shekara biyu tare da ni bai kai nan ba. Ashe ta iya. Sai dai ni na sa ta.

Na'ura mai yin tambaya abu ne da ya daɗe. Tun 1966 wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa manhajar ELIZA, wadda ke juya maganar mutum ta mayar masa da ita tambaya. Ka ambaci mahaifiyarka, ta ce ka ƙara ba ta labarin iyalinka. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka haɗa abin, ta taɓa roƙonsa ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita. Na yanzu, irin ChatGPT da kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022, sun fi ta nesa ba kusa ba. An ciyar da su ɗimbin rubutun mutane, suna hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, sannan mutane sun yi ta tantance amsoshinsu. Tambaya mai kyau tana cikin abin da suka kwasa.

Amma niyya fa? Mu da muka tashi muna jin cewa ayyuka suna bisa niyya, mun san a zuci take. Ni dai ban gan ta ba a hirata da ChatGPT. Da na rufe wayar, babu abin da ya dami manhajar ko rigar ta yi wa yaron ko ta matse shi.

Akwai ranar da wani dattijo ya kawo kaftani uku, tsofaffi amma a goge, ya ce a rage su daidai yaro ɗan shekara 12. Ni har na ɗauko tef. Maigida ya dafa hannuna, ya dubi dattijon, ya sassauta murya ya ce, "Baba, na wane ne?" Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya ce na ɗansa ne da ya rasu, jikansa zai sa ran Sallah. Maigida ya ce kada in taɓa aikin wuyan, in rage ta gefe kawai, rarar kuma in naɗe ta ciki don a riƙa sakinta yayin da yaron ke girma. Ko kwabo bai karɓa ba.