Kwana uku muna shanya keke

Shekarata ta biyu ke nan ina koyon gyaran keken ɗinki a Gusau lokacin da wata tsohuwa daga Ƙaura Namoda ta iso shagonmu, jikanta na biye da ita da kan keke naɗe cikin tsohon zane. Baƙin Singer ne, irin mai zanen ruwan zinari a wuya. Ta ce da shi ta yi wa 'ya'yanta kayan sallah tun suna ƙanana, sai ido ya yi rauni ta tura shi ƙarƙashin gado. Yanzu jikanyarta na son koyon ɗinki, an jawo shi, ya ƙi motsi ko kaɗan.

Maigidana, wanda muke kira Baba, ya tafi sallar la'asar. Ni kuwa a lokacin ina jin kaina gwani. Na kama wilin da hannu biyu na murɗa, shiru. Na ce tsatsa ce. Na ɗauko guntun katako da guduma, har na ɗaga hannu sai na ji muryarsa daga bakin ƙofa: "Kai, mi kaka yi? Aje ta!"

Bai yi mini faɗa a gaban baƙi ba. Sai da ya gaida tsohuwar, ya tambayi hanya da mutanen gida, sannan ya ce, "Inna, wane mai kike sa mishi?" Ta ce in man keke ya ƙare, man gyaɗa take ɗiga masa. Baba ya yi murmushi ya ce ta dawo bayan mako guda.

Da suka tafi ya zare farantin gaban keken ya ce in shinshina. Warin tsohon tuya ne ya bugi hancina. Sandar da ke ɗauke da allura ta yi ja-ja-ja, da wani abu kamar ƙaro ya daskare a inda take shiga ramin ta. Babu tsatsa ko ɗigo. Man gyaɗa in ya daɗe yana shan iska yakan yi kauri ya bushe, ga ƙurar hunturu da ɓurɓushin yadi sun haɗu da shi, sai ya koma tamkar gam. Gangar jikin keken kuma ƙarfen zubi ne. Ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Da gudumata ta sauka, da sai dai mu nemi abin da za mu gaya wa Inna.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda ya gano inda cutar take. Ya sassauta ɗan maƙunnin da ke tsakiyar wili, wilin ya juya shi kaɗai sumul, ya ce to ba nan ba ne. Ya cire ƙoshiya da kwarkwaro masu riƙe zaren ƙasa, ya buɗe gidansu, domin sau da yawa guntun zare ɗaya da ya maƙale a nan shi ke tsayar da keke cak. Nan ma tsaf. Sai ya mayar da maƙunnin ya ɗaure, ya kwantar da keken a gefensa, ya shiga jijjiga wilin gaba da baya a hankali, abin da bai fi kaurin farce ba. Ya ce in zuba ido in ga wane ƙarfe ke amsawa. Na ciki ya ɗan motsa, na ƙasa ma ya ɗan girgiza, sandar allura ce kaɗai ta yi kunnen uwar shegu. Ban taɓa sanin ana tambayar ƙarfe ya ba da amsa ba sai ranar.

Magani kuwa kananzir ne da rana. Muka ɗiga a sama da ƙasan sandar da duk ramukan mai, muka ajiye keken a bakin shago. Baƙin fenti ga zafin Gusau, kafin azahar ba ka iya taɓa shi. Zafin na tausasa daskararren man, kananzir na ratsa shi. Safe da yamma in ɗiga, in jijjiga, in goge baƙin ruwan da ke tsattsafowa. Rana ta farko ban ga komai ba, har na fara zargin Baba da son ɓata lokaci. A ta biyu allura ta sauko kamar tsawon ƙwayar shinkafa ta koma. A ta uku da hantsi wilin ya zagaya sau ɗaya da ƙyar, yana wani gurnani, sai na biyu, sai ya saki.

Na so in kira a zo a ɗauka, ya hana. Kananzir wanki yake yi, ba ya zama mai, in ya bushe ƙarfe zai ci ƙarfe. Sai da muka goge tas, muka bi ko'ina da farin man keke ɗigo-ɗigo, na yi ta ɗinki a tsumma har zare ya daina fitowa da baƙi.

Daga baya ne na san asalin irin wannan keke. A jikinsa an rubuta cewa a Birtaniya aka ƙera shi, wato masana'antar Singer ta Kilaidbank kusa da Gilasgo, wadda aka rufe a 1980. Samfurin da ake kira 15 ne, wanda Butterfly na ƙasar Sin da ke cike da shagunan telolinmu ya kwaikwaya, shi ya sa kwarkwaron wannan ke shiga wancan. Wato ko da a ce shi ne auta a masana'antar, ya girme ni nesa ba kusa ba.

Ranar da Inna ta dawo, ta sa aka ɗora shi a kan teburin Baba, ta laluba ta zura zare ba tare da ta duba ba, ta ja layi ɗaya a bakin mayafinta. Baba ya karɓi kuɗin kananzir da na mai kawai, ya miƙa wa jikan 'yar kwalbar man keke, ya ce, "Ka gaya ma ƙanwarka, man gyaɗa na ƙosai ne."