Jinin da ya makara

Talatar da ta wuce ni na kwanta a cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, a wurin aikinmu na bincike, don wanda muka yi alkawari da shi bai zo ba, lokacin na'ura kuwa kuɗi ne. Na cire agogo da bel da makullai, aka toshe mini kunnuwa, aka kifa mini wani abu kamar keji a ka. Minti biyar ina jin ƙara kamar ta injin markaɗe. Ina fitowa abokiyar aikina ta juyo mini da allon kwamfuta: ga taswirar jinin da ke shiga ƙwaƙwalwata. Ba allura, ba wani ruwa da aka ɗura mini a jijiya.

Dabarar ta daɗe. Tun 1992 su John Detre da Donald Williams a Amurka suka nuna a kan ɓeraye cewa ruwan da ke cikin jini shi kansa ya isa ya zama shaida. A daidai wuya ake sa shaidar, wato a juya maganaɗisun jinin da ke hawa sama, a jira ya isa ƙwaƙwalwa, a ɗauki hoto. Sai a sake ɗaukar wani ba tare da an taɓa jinin ba, a debe wannan daga wancan. Abin da ya rage bai fi kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ake maimaitawa sau da yawa. A lafiyayyen mutum, kowane giram 100 na ɓawon ƙwaƙwalwa yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a minti.

Matsalar ita ce shaidar kamar zanen alli take a damina. A na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 3, cikin daƙiƙa 1.65 kusan kashi biyu cikin uku sun goge. Ƙa'idar da masana suka amince da ita a 2015 ta ce a jira daƙiƙa 1.8 ga lafiyayyen baligi ɗan ƙasa da shekara 70 kafin ɗaukar hoto. To wanda jininsa bai iso ba fa?

Na ga wannan da idona a shekarata ta farko. Wani dattijo mai toshewar jijiyar wuya, hotonsa ya fito ɓari guda duhu, sai ɗigo-ɗigon haske a gefe. Gabana ya faɗi, na ruga ofishin malamina. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Mutumin da ƙafarsa ya shigo, ko?" Ashe jinin yana nan tafe, hanyar zagaye ya bi. Ɗigon hasken nan shi ne, yana cikin jijiya bai kai ga sauka ba. Na tuna malaminmu na firamare mai kiran suna ƙarfe takwas cif: wanda ya tsaya ɗebo ruwa ya makara, a rajista "bai zo ba" ne.

Maganin da Eric Wong da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya a San Diyego suka wallafa a 2006 shi ne a daina sa wa jini shaida a wuya. A sa shaidar bisa gudu. Duk jinin da ke tafiya sama da santimita 2 a daƙiƙa, ko ina yake a cikin kai, ana sa masa alama lokaci guda, har wanda ke ƙananan jijiyoyi dab da inda zai sauka. Bayan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, kafin ɗaukar hoto, sai a kawar da duk wanda har yanzu yake gudun. Wanda ya rage shi ne jinin da ɗazu yake sauri, yanzu ya lafa, wato ya shiga nama. Nisan hanya ya daina zama abin damuwa.

Ba wai wannan sabuwar dabarar ba ta da aibu ba. Hotonta ya fi dusashewa, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yakan yi motsi ya fito kamar jini, kuma mutum ya ɗan gyaɗa kai aiki ya lalace. Nawa hoton ma sai da muka zubar da wani sashe, wai na yi ta haɗiyar yawu. Yawanci a ɗakunan bincike take har yanzu.

Abin da ya riƙe ni a kanta shi ne moyamoya, cutar da ke tsuke manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa har jini ya koma bin hanyar zagaye, wadda likitocin Japan suka raɗa wa suna a 1969, don siraran jijiyoyin zagayen suna kama da tashin hayaƙi a hoto. Masu sikila suna cikin waɗanda take kamawa, ɗan Yayata kuma sikila gare shi. A Kano abin da ke tsare irinsu shi ne gwajin sauti ta gefen kai: in gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaro na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna amfanin ba irin waɗannan yaran maganin haidiroksiyuriya. Ƙaramar na'urar gwajin sautin nan, a ganina, ta fi MRI ɗina amfani gare shi a yau.

Da daddare na tura wa Yaya hoton. Ta kira ni, "Auta, wannan jan da shuɗin duk a kanka suke?" Na ce kala ce kawai ta kwamfuta. Na tambaye ta yaushe za a sake yi wa yaron gwajin. Ta ce bayan salla in Allah ya kai mu, ta ajiye katin a ƙarƙashin kwalla.