Wasan Da Malami Ya Fara Da Shi Ba Ya Barin Jikinsa

Ina da ƙaramar makarantar koyar da dabarun kare kai, mu uku ne malamai a cikinta, kuma abin da muke koyarwa gauraye ne na naushi da shuri da kamu da kayarwa. Duk lokacin da zan ɗauki sabon malami, kafin in duba takardunsa ko launin ɗamararsa, nakan tambaye shi wasan da ya fara koya, domin na lura cewa komai yawan salon da mutum ya tara daga baya, da zarar ya gaji ko an matsa masa lamba, jikinsa kan na farkon yake komawa, kuma shi ɗalibansa za su gada.

Ni da judo na taso, wato salon kokawar Japan. Na shafe shekaru ina koya wa ɗalibai su matso kusa, su kama, su kayar, ina ganin na ba su abin da ya ishe su. Ranar da wani malami da ya taso a damben boksin ya zo gwaji, sai na haɗa shi da ɗalibina mafi ƙwazo. Yaron ya miƙa hannu biyu zai cafki wuyan riga, haɓarsa a buɗe, malamin kuwa ya taɓa masa goshi da safar dambe har sau uku, a hankali, kafin ya kai ga kamun. Abin ya dame ni ƙwarai, domin laifin nawa ne: a gasar judo ba a naushi, saboda haka tsare fuska bai taɓa zama mini ɗabi'a ba, kuma ban koyar da shi da muhimmancin da ya kamata ba.

Tarihin wannan sana'a ma haka ya nuna. Bruce Lee ya koyi Wing Chun, wani salon faɗa na ƙasar Sin, a hannun malaminsa Ip Man a Hong Kong, kuma ko da ya sanya wa salonsa suna Jeet Kune Do a 1967, bayan ya ɗebo daga boksin da wasan takobi, tsare tsakiyar jiki da danne hannun abokin karawa ba su bar koyarwarsa ba. Imi Lichtenfeld, wanda ya assasa salon kare kai na Krav Maga, ɗan dambe ne kuma ɗan kokawa a Bratislava, babban birnin Slovakia a yau, mahaifinsa kuwa jami'in 'yan sanda ne mai koyar da kare kai, ga kuma faɗan titi da ya shiga a shekarun 1930 wajen kare unguwar Yahudawa. Wannan ne ya sa salonsa bai damu da ƙa'idojin gasa ba. Shi kansa Jigoro Kano, da ya buɗe makarantar judo ta Kodokan a 1882, daga makarantu biyu na jujutsu, tsohon salon faɗa na Japan, ya haɗo judo.

Na ɗauki malamin damben aiki a makon. Da farko mun sha sa-in-sa a kan tsayuwa, domin shi yana son mutum ya karkata gefe, nauyinsa a kan tafin gaba na ƙafa, ni kuma ina ganin irin wannan tsayuwa tana ba mai share ƙafa dama. Daga baya muka tsara jadawali ta yadda kowane aji zai bi ta hannun malamai biyu a mako, kuma ba a yi wa ɗalibi ƙarin mataki sai malamin da bai taso a fannin da ɗalibin ya fi ƙwarewa ba ya gwada shi. Ni ma duk ranar da babu aji nakan sa safar dambe in tsaya a gabansa a matsayin ɗalibi, kuma har yanzu yana yi mini gyara a kan sauke hannun hagu idan zan shiga kamu.