Shekara 11 a shagon faifai

Ranar Asabar na miƙa wa maigidana makullin shago. Shekara 11 ke nan tun da ya ɗauke ni ina zura faifai a leda a Ƙofar Wambai, zamanin da in sabon kundin waƙa zai fita, tun da sanyin safiya dillalan Zariya da Jos da Maraɗi suke cika bakin ƙofa. Na gode masa, ya sa mini albarka, muka rabu lafiya. Sai dai akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wajen 2012 masu turi suka fara cinye mu. Yaro da laftof ɗinsa da tebur a bakin titi, ka ba shi naira 50 ya cika maka memori da waƙoƙin da mu muka zuba kuɗin situdiyo da na bugu a kansu. Abin da ya rage kuma Bulutus ya ƙarasa. Maganin da manyanmu suka gani shi ne kame. Ni ma an sha tura ni ina nuna tebura. Har yau ina tuna wani yaro da bai wuce shekara 17 ba, yana riƙe da rigar ɗan sanda yana kuka, wai kwamfutar ta yayansa ce, aro ya yi. Bayan kwana 2 na bi ta wurin, tebura 3 na tarar a inda muka ɗauke 1.

Abin ya dame ni, na shiga kafe na yi ta karatu. Ashe Amurkawa sun riga mu shan wannan ruwan. Napster, manhajar da mutane ke musayar waƙoƙi kyauta da ita ta intanet, ya fito a 1999, kotu ta durƙusar da shi a 2001, wasu manhajojin suka maye gurbinsa. A Satumban 2003 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA ta maka mutum 261 a kotu lokaci guda, ciki har da yarinya 'yar shekara 12 a New York. Sai ƙarshen 2008 suka haƙura da ƙarar ɗaiɗaikun mutane. Amma tun Afrilun 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes na sayar da waƙa ta intanet, waƙa ɗaya santi 99 na dala, ya sayar da waƙa miliyan 1 a makon farko. Wato mutane ba biya suke gudu ba, dole ce ba sa so: a ce sai ka sayi faifai guda saboda waƙa ɗaya tak.

Na samu maigida da yamma, da ladabina, na ce, "Alhaji, me zai hana mu mai da yaran nan dillalanmu? Mu ba su waƙa ranar da ta fita, su riƙa biyan wani abu duk mako." Kuskurena shi ne na faɗa a gaban abokansa biyu. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da na koya wa ƙirga kwali, yau kai za ka koya mini kasuwa? Ɓarawo za ka ba lasisi? Ko dai kana da kaso a wurinsu ne?" Aka bushe da dariya.

Da dariyar ce kawai da sauƙi. Bayan wata 2 wani kundi ya fita a waya tun kafin mu karɓo shi daga wurin bugu. Ba a tambayi kowa ba sai ni. A tsakiyar shago, yara na kallo, aka sa na yi alwala na dafa Alƙur'ani. Daga baya ta bayyana daga situdiyo aka kwashe shi a filashi. Ba a kira ni an ce yi haƙuri ba, sai dai aka dawo mini da makullin sito kamar ba a taɓa karɓe shi ba.

Shekara 2 bayan nan, da kasuwa ta gama faɗuwa, aka zauna da masu turi aka yi tsarin da na kawo, kusan kalma da kalma. A taron, maigida ne ya miƙe ya ce ya daɗe yana wannan tunanin. Ina bayansa riƙe da jakarsa. A lokacin kuwa yaran sun riga sun gane ba mu da abin da za mu yi musu, farashin da suka ga dama suka yanka.

Ga 'yan baya: shawara ga babba a keɓe ake ba ta, in da hali ka bar shi ya ɗauka tasa ce. Kada ka riƙe asalin kwafin aikin wani ba tare da shaida ba. Kuma kada ka yarda a tura ka nuna teburin ɗan wani.

Yanzu ina kula wa wasu mawaƙa 3 da shafukansu na YouTube da manhajar sauraron waƙa ta Boomplay. Ɗaya daga cikinsu da hannunsa yake raba wa masu turi sabuwar waƙarsa kyauta, don daga nan ake kiransa biki. Aikina na ƙarshe a shago shi ne ƙirga faifan da suka yi kwantai a sito. Katan 40 ne, Alhaji ya ce a bar su a nan, wai kasuwa za ta dawo.