Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Doka ta Uku

A makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini aji huɗu na firamare, ni da ban taɓa riƙe alli ba sai lokacin gwajin koyarwa. Daren farko na samo babban kwali, na zayyana dokoki goma sha huɗu da jan biro: ba surutu, ba tashi sai da izini, ba amsa tambaya sai an ɗaga hannu, har da hana tauna gindin fensir. Da safe na manna shi kusa da allo, na karanta musu ina kumbura murya. A tunanina aiki ya ƙare.

Kafin sati biyu kwalin ya zama ado, muryata kuwa ta dishe.

Wata dattijuwar malama da ke dab da ritaya ta ce za ta shigo ta ga darasina. Ta takure a bencin ƙarshe da ɗan littafinta. Lissafi muke yi. Na ce bakwai sau takwas nawa ne? Wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke gaba ya yi caraf: "Hamsin da shida!" Na ce, "Da kyau!" Ashe a gefen taga wata yarinya ta ɗaga hannu tun kafin in rufe baki, ta yi ta jira, sannan ta sauke shi a hankali. Ni ban gani ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa malamar ta ce, "Malam, wa ya fara karya doka ta uku yau?"

"Yaron nan na gaba, Hajiya."

"Kai ne, ɗana. Sau tara na ƙirga ka karɓi amsa daga bakin da bai ɗaga hannu ba, don kawai amsar daidai ce. Yarinyar taga ta bi dokarka, me ta samu?"

Kunya ta rufe ni, har da ɗan haushi, ba zan ɓoye ba.

Shekaru bayan haka, da na koma karatu, na ci karo da binciken da Madsen da Becker da Thomas suka wallafa a Amurka a 1968. Sun gano cewa shimfiɗa dokoki kaɗai bai canja halin yara sosai ba. Abin da ya yi tasiri shi ne yaba wa mai bin doka, haɗe da kau da kai daga ƙananan fitintinu. Na yi dariya ni kaɗai a laburare, domin Hajiya ta riga ta gaya mini a tsaye bakin ƙofa.

Ranar Litinin da ta biyo bayan maganar Hajiya na cire kwalin. Muka bar dokoki huɗu, muka gwada kowace a aikace kamar wasan kwaikwayo: yadda ake shigowa, yadda ake miƙa littafi daga baya zuwa gaba. Na sake jefa tambaya, yaron gaba ya sake yin caraf. Na yi kamar ban ji ba, ko da yake bakina na ƙaiƙayin cewa da kyau. Na juya wajen taga na ce, "Ke da kika ɗaga hannu, muna jin ki."

Yaron ya kifa kai a tebur, bai ƙara magana ba har aka tashi. Washegari da safe na tarar da mahaifinsa zaune a ofishin hedimasta yana jirana. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.