Ashe janareto ne

Laraba, bayan Isha'i.

Kwana uku ke nan na'urarmu ta AFM, mai ɗaukar hoton ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, tana fito mana da hotuna layi-layi kamar kitso. Sau biyu ina canza allura, a banza. Har Oga ya fara zancen a rubuta wa kamfanin da ya sayar mana.

Irin na'urar nan ce da masana kimiyya Binnig da Quate da Gerber suka ƙirƙiro a 1986. 'Yar mitsitsiyar allura ke lallaɓa saman abu, tana auna tudu da kwari da nanomita, wato milimita ɗaya a raba ta gida miliyan. Motsin da tafin ƙafata ba zai ji ba, a wurinta girgizar ƙasa ce.

Da hantsi dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya leƙo, ya daɗe yana kallon allon kwamfuta.

"Yaro, ɗebo mini ruwa a faranti."

"Ruwa kuma, Baba?"

Bai tanka ba. Ya ajiye farantin kusa da na'urar, ya haska ruwan da 'yar fitilar leza, jan ɗigon ya faɗa jikin bango yana ta karkarwa. Muna tsaye aka kawo wuta, aka kashe janareto. Ɗigon nan ya tsaya cak. Kunya ta rufe ni, wallahi, da duk karatuna. Injin yana juyawa sau 1500 a minti, wato 25 a daƙiƙa, kuma bango ɗaya ya raba mu da shi.

Tebur mai tsayawa kan iska don tare girgiza ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka nufi kasuwa. Muka sayo robar tayar da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita, muka rataye falalen kankare a jikin firam ɗin ƙarfe, muka ɗora na'urar a kai. Lissafin ya burge ni: in nauyi ya ja roba ta miƙe santimita 25, lilonta sau ɗaya ne a daƙiƙa, don haka rawar janareto mai saurin nan kaɗan ce ke iya hawowa. Wayoyin ma sai da muka sassauta su, don ta nan ma takan sato hanya.

Bayan La'asar aka sake ɗauke wuta, janareto ya tashi, hoto ya fito tas. Layi ɗaya ne kawai a tsakiya, daidai lokacin da wani ɗalibi ya banko ƙofa yana neman caja. Gobe da sassafe zan manna takarda a ƙofar.