Cire Tsohuwar Windows Daga Kwamfutar Da Take Ɗauke Da Guda Biyu

A hannun ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu na Samaru da Kongo da Sabon Gari a Zariya akwai kwamfutoci masu yawa waɗanda idan aka kunna su sai su dakata suna tambayar mai su wace Windows yake so ya shiga, tsohuwa ko sabuwa. Yawancinsu 'yan gwanjo ne da suka iso ɗauke da Windows 7, daga baya aka kai wa mai gyara ya ɗora Windows 10 a gefenta, aka ƙyale tsohuwar saboda wata manhaja ko wata firinta da ba ta aiki da sabuwar. A lokacin dabara ce mai kyau. Yanzu kuwa mutane da dama sun daɗe ba su leƙa tsohuwar ba, suna son kawar da ita, kuma tambayar da suka fi kawo mini ita ce ko ya isa a goge sashen rumbun ajiya da take ciki a huta.

A ganina lokacin cire ta ya yi ga mafi yawan mutane. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyare-gyaren tsaro tun ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma yi wa Windows 8.1 haka a ranar 10 ga Janairu, 2023. Burauzar Chrome ma a siga ta 109 ta tsaya a kan waɗannan biyun, saboda haka ɗalibin da yake biyan kuɗin rajista ko yake duba asusunsa na banki ta cikin tsohuwar Windows yana yin hakan ne da manhajar da aka daina toshe kafofinta shekaru da suka wuce. Ga kuma batun wuri, domin rumbun ajiyar waɗannan kwamfutoci ba shi da yalwa, kuma Windows ɗin da ba a amfani da ita tana danne da kaso mai tsoka daga cikinsa. Wanda kawai zan ce ya dakata shi ne mai shagon da abincinsa ya rataya a kan tsohuwar firinta ko na'urar sikanin wadda ba a yi mata direban sabuwar Windows ba, wato manhajar da take haɗa na'ura da kwamfuta. Shi ya bar tsohuwar, amma ya raba ta da intanet.

Amsar waccan tambaya ita ce goge sashen kawai yana iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya, kuma dalilin yana cikin yadda ake ɗora Windows ta biyu. Idan aka danna maɓallin kunnawa, kwamfuta tana fara neman wasu 'yan ƙananan fayiloli da suke nuna mata inda kowace Windows take, su ne ma suke fito da wannan allon zaɓi. Lokacin da aka ɗora sabuwar Windows a gefen tsohuwa, ba ta gina wa kanta wurin ajiye waɗannan fayiloli dabam, sai ta zuba nata a inda ta tarar da na tsohuwar. Abin ya yi kama da wanda ya ɗora bene a gidansa amma matakalar hawa tana cikin tsohon ɗakin ƙasa: idan ya rushe ɗakin da nufin faɗaɗa tsakar gida, benen yana nan lafiya da kayansa duka, sai dai babu ta inda za a hau. Wannan ne ya sa mutum yakan goge Windows 7, ya sake kunnawa, ya tarar da baƙin allo da saƙon BOOTMGR is missing ko No bootable device, alhali sabuwar Windows ɗinsa da fayilolinsa ko ƙwarzane ba su samu ba.

Saboda haka aikin farko dubawa ne. A shiga sabuwar Windows, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta diskmgmt.msc, za a ga taswirar rumbun da sassansa a jere. A cikin bayanin kowane sashe ana neman kalmomi biyu. Sashen da aka rubuta wa Boot shi ne wanda Windows ɗin da ake ciki take zaune a kai, wanda aka rubuta wa System kuwa shi ne yake riƙe da fayilolin tayar da kwamfutar, kuma shi ne ba a taɓawa. Kada a dogara da haruffan C da D wajen gane sashe, domin kowace Windows takan kira nata sashen C idan aka shiga ta, harafin yana sauyawa gwargwadon inda aka tsaya ana kallo. Girman sashe da abin da yake cikinsa su ne shaida, kuma ina ba da shawarar a sa wa kowanne suna bayyananne tun kafin a fara. Sannan a sake danna maɓallin Windows da R, a rubuta msinfo32 a duba layin BIOS Mode, a ga ko Legacy ne, wato tsohon tsarin tayar da kwamfuta, ko UEFI, wato sabon, domin hanyar aikin ta bambanta.

Kafin a ci gaba sai an kwashe abin da yake cikin tsohuwar, kuma a nan na fi ganin sakaci. Ɗalibi zai ce mini, “Malam, ai na kwafe duk abin da yake kan Desktop,” ya manta cewa a cikin babban fayil na Users akwai Documents da Downloads da Pictures, inda surorin kundin bincikensa da takardun da ya sauke da hotunan shaidar biyan kuɗi suka taru. Akwai kalmomin sirri da shafukan da aka adana a burauza, akwai jerin manazarta da aka tara a Zotero ko Mendeley ko EndNote, akwai lambobin lasisin manhajoji irin su SPSS da AutoCAD waɗanda za a buƙata idan an zo sake ɗora su. Fayilolin da aka kulle da tsarin ɓoye bayanai na Windows, waɗanda sunayensu suke fitowa da koren launi a Windows 7, ba za su buɗu daga sabuwar ba, dole a cire musu kullin daga cikin tsohuwar tun tana raye.

Wani abu kuma ya shafe mu masu rubutu da Hausa musamman. Takardu da yawa da aka buga a shekarun baya, har da kundayen digiri da rubuce-rubucen da ba su da kwafi a ko'ina, an yi su ne da wasu nau'o'in haruffa na musamman da aka ƙirƙira don fitar da ƙ da ɗ da ɓ kafin tsarin Unicode ya zama ruwan dare. Waɗannan haruffa suna zaune ne a C:\Windows\Fonts na tsohuwar Windows. Idan suka tafi tare da ita, takardar za ta buɗe, amma duk inda harafi mai ƙugiya yake sai a ga wata alama dabam ta maye gurbinsa, kuma gyara kundi mai ɗaruruwan shafuka harafi bayan harafi wahala ce da minti biyu na kwafi zai iya kawarwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa buga Hausa a tsohuwar kwamfuta ya kwafe wannan wuri gaba ɗayansa. Kwafin kuma ya kasance a wajen kwamfutar, a filashi ko rumbun waje, a kuma buɗe wasu daga cikin fayilolin a tabbatar sun kwafu da gaske.

Abu biyu suka rage na shiri. Na farko filashin ɗora Windows, mai aƙalla gigabait 8, wanda ake haɗawa da Media Creation Tool na Microsoft ko da Rufus, kuma a gwada a ga kwamfutar tana iya tashi daga gare shi, domin ta cikinsa ake kaiwa ga Startup Repair, mai gyara matsalar tashin Windows, idan wani abu ya karkace. Idan an kunna BitLocker, tsarin Windows mai kulle rumbu, a nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 a rubuta a takarda. Na biyu wuta. Duk mazaunin Zariya ya san ana iya ɗauke ta a kowane lokaci, kuma batirin 'yan gwanjo ba abin dogaro ba ne, don haka a yi aikin a inda akwai inbata ko sola.

Wanda kwamfutarsa take kan UEFI ya samu sauƙi, domin fayilolin tayarwa suna cikin wani ƙaramin sashe mai zaman kansa da ake kira EFI System Partition, wanda yawanci bai wuce megabait 100 zuwa 260 ba. Haka ma wanda yake kan Legacy amma ya ga kalmar System a kan ɗan sashen System Reserved, wanda Windows 7 take yi da girman megabait 100. Dukansu biyu su ƙyale wannan ƙaramin sashe yadda yake, komai rashin amfanin da ya yi musu a ido, su goge babban sashen tsohuwar Windows kaɗai.

Matsalar tana ga wanda ya ga kalmar System a kan babban sashen tsohuwar Windows. Shi zai lura cewa Windows ta ƙi ba shi damar goge sashen, zaɓin ya dushe ba ya dannuwa. Wannan ƙin gargaɗi ne, kuma yawancin kwamfutocin da ake kawowa ba sa tashi na waɗanda suka zagaye gargaɗin ne ta hanyar yin fomatin daga filashi. Abin da ya dace shi ne a fara kai fayilolin tayarwa sashen sabuwar. A buɗe Command Prompt da ikon Administrator a cikin sabuwar Windows, a rubuta bcdboot C:\Windows /s C: /f BIOS, sannan a koma taswirar rumbu a zaɓa wa sashen C umarnin Mark Partition as Active. A sake kunna kwamfutar. Idan ta shiga sabuwar kai-tsaye, kuma kalmomin System da Boot suka haɗu a kan C, tsohon sashen ya zama ajiya kawai. Sai dai wannan ba ya yiwuwa idan an rubuta wa sashen sabuwar Logical Drive, abin da yake faruwa saboda tsohon tsarin raba rumbu na MBR ba ya ɗaukar fiye da manyan sassa huɗu. A irin wannan hali na fi son a kwashe komai a ɗora Windows sabuwa fil a kan rumbun gaba ɗaya.

Wannan matsala takan zo da wata siffa ga waɗanda suka ƙara SSD, wato sabon nau'in rumbu mai sauri, galibi a gurbin na'urar faifan DVD, suka ɗora sabuwar Windows a kai alhali tsohon rumbun yana haɗe. Fayilolin tayarwa sukan tsaya a tsohon rumbun, ranar da aka zare shi ko ya mutu sai kwamfutar ta ƙi tashi. Maganin ya fi sauƙi tun farko, wato a zare tsohon rumbun kafin a fara ɗora Windows a kan SSD.

Ga masu Ubuntu a gefen Windows, irin ɗaliban kimiyyar kwamfuta da injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, hukuncin ɗaya ne, sai dai mai fito da allon zaɓin shi ne GRUB, kuma mafi yawan fayilolinsa suna cikin sashen Ubuntu. Wanda ya goge sashen zai iya tarar da grub rescue yana jiransa. A kan Legacy ana fara mayar da ragama hannun Windows da umarnin bootrec /fixmbr daga filashin, a kan UEFI kuwa ana ɗaga Windows Boot Manager ya zama na farko a jerin tashi. Idan Windows ɗin ce za ta tafi, bayan gogewa a rubuta sudo update-grub a cikin Ubuntu don a tsabtace jerin.

Ko da komai ya tafi daidai, ban cika son a yi gaggawar gogewa a rana ɗaya ba. A buɗe msconfig, a shiga shafin Boot, a mayar da sabuwar ta zama abin zaɓi na dindindin, a rage jiran daƙiƙa 30 zuwa 3, a yi aiki da kwamfutar haka na wasu makonni. A cikin wannan lokaci ne mutum yakan tuna wata takarda ko wata manhaja da ya manta. Idan lokacin ya wuce ba a nemi komai ba, sai a cire sunan tsohuwar daga msconfig, a je taswirar rumbu a zaɓi Delete Volume a kan sashenta, bayan an sake duba suna da girma.

Wurin da ya samu zai fito da baƙin layi a matsayin fili mara mai shi, kuma a nan mutane da yawa sukan yi mamakin ganin Extend Volume ya ƙi dannuwa. Windows ba ta faɗaɗa sashe sai zuwa filin da yake manne da shi ta dama, tsohuwar Windows kuwa da yake ita aka fara ɗorawa yawanci tana hagu ne. Manhaja irin GParted tana iya jan sashen gaba ɗaya zuwa hagu, amma aiki ne da yakan ɗauki sa'o'i yana kwashe bayanai daga wuri zuwa wuri, kuma idan wuta ta yanke a tsakiya ana iya rasa sashen dungurungum. Ni ban ga ribar da ta kai wannan kasada ba. Na fi son a mayar da filin sabon sashe da New Simple Volume, a ba shi harafin D, sannan a shiga Properties na Documents da Downloads, a yi amfani da shafin Location a mayar da mazauninsu can. Ta haka C zai samu sarari, kuma duk ranar da aka zo sake ɗora Windows, abin da ba shi da nisa tun da tallafin Microsoft ga Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025, za a yi fomatin C kaɗai a bar D da takardun da suke cikinsa.